Shekarar da Baffa Ya Fige Min Kibau

Daga Iskandariya har Aswan ban san Bahaushen da ya kai ni harbin baka ba. Shekara ashirin da wani abu ina faɗin haka a Alƙahira, a gidan shayi, a ƙofar masallaci, a layin sabunta takardar iƙama, kuma ba a taɓa samun wanda ya ƙaryata ni ba. Na gaya wa Misirawa cewa kakana yakan harbo ƙuda daga kunnen jaki, jakin bai ko daina cin ciyawarsa ba. Na gaya wa ɗaliban unguwar Madinat Nasr cewa ina ɗan shekara tara na kayar da gada tana gudu, da hannun hagu, ina cin rake da na dama. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, rabona da jan tsirkiya tun ina aji uku na firamare, kuma ranar ma babban yatsan ƙafata na kusa tsirewa. Ke Hafsa, kai Mu'azu, kun taso kuna jin dalilai kala-kala na abin da ya sa bakan kakanmu ba ya rataye a falon nan. Kun ji cewa danshin Nilu zai ɓata shi. Kun ji cewa ni na yafe wa ɗan'uwana Isuhu saboda zumunci. Duk ni na ƙera su, kuma na ƙera su da kyau. Yanzu da furfura ta cinye min gemu, ga abin da ya faru.

Gidanmu gidan Sarkin Baka ne. Babu gona a cikin sarautar, babu albashi. Abin da ke ciki shi ne baka guda, baƙi ƙirin saboda hayaƙi da man hannu, wanda ya fito daga kakan kakanmu. Duk wanda yake hannunsa, ranar buɗe daji sunansa ake fara kira a dandali, sannan a bi da sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ko da suna bangon duniya. Ku kuwa sau ɗaya tak kuka taka garin, kuna ƙanana, ana yi muku Hausa kuna amsawa da "aywa", wato "e" ɗin Misirawa. Wannan abu ya daɗe yana cina. Ina so a kira sunayenku a dandalin da aka kira na ubana.

Ni da kaina na janyo. Wata rana na raka wasu baƙi hawan doki a bayan Giza, na ga wani dogon baka jingine a rumfa, na ɗauka na gyara tsayuwa aka yi min hoto. Na tura zauren dangi na waya, na rubuta a ƙasa: "Muna nan riƙe da sana'ar gida." Kwana biyu sai ga saƙon murya daga Baffa Ɗanlami, ƙanen mahaifina Audu, wanda bakan ke hannunsa. Lokacin yanar ido ta rufe masa idanu biyun, sai dai a ba shi labarin hoto.

"Habu, an ce min kana harbi a Masar. Na ji daɗi. Bayan babbar salla zan zo a kankare min idon nan, zan taho da bakan. Isuhu yana so, amma kai ne babba. In gani, in miƙa."

Na saurari saƙon nan har wayar ta yi zafi. Mako bakwai suka rage. Daga ranar zama ya gagare ni. Sana'ata kun san ta, tafinta ne ni, ina kai marasa lafiyarmu wajen likitoci ina juya musu magana. A makon nan na kai wani Alhaji mai ciwon gwiwa wajen likitan haƙori, muka zauna a layi har aka kira mu. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in leƙa balakona, in na leƙa sai in dawo in sake kunna saƙon. Ummanku tana yankan ganyen mulukiyya na miya tana kallona. Ita 'yar Mai Wurno ce, Hausawan Sudan ba su iya kwana-kwana ba.

"Ya zol, ka zauna mana, kana sa min jiri. Ka kira tsohon nan ka ce masa wasa kake yi."

"Wane wasa? Abin a jini yake, Sa'adiya. Tunawa kawai zan yi."

"Abu Hafsa, ƙusa ba ka iya bugawa a bango. Wancan agogon wa ya rataye shi?"

Na koma rumfar dawakin na nemi mai bakan. Sunansa Magdi, kafinta ne, amma kowa Kabtin yake ce masa. Siriri ne, mai ƙarancin magana, yana da fili a inda gonaki suka ƙare rairayi ya fara, ya jera dammunan ciyawa matsattsu ya manna musu takarda mai zobba. Kafin in isa can sai na hau metro daga Ainu Shams, in canza a Shuhada, in sauka Giza, in shiga ƙaramar bas, mikrobas, in ƙarasa a tuk-tuk mai ƙafa uku. Kibau a cikin bututun roba nake ɗaukarsu, har wata tsohuwa ta riƙe min riga a jirgi wai in zo in duba mata famfo. Ranar farko na gaya wa Kabtin tarihin gidanmu tun daga ƙudan nan na kunnen jaki. Ya saurara har ƙarshe, ya miƙo min baka wanda ya fi ni tsawo, ya ce in ja. Na ja, na saki, tsirkiya ta zabge ni a hannu, wurin ya yi shuɗi kamar an zuba baba. Kibiyar kuwa har yau ba a gan ta ba. Ina zaton ta shiga Libiya.

Ya fara da ni daga ƙasa. Ƙafa a buɗe daidai kafaɗa. Yatsu uku a tsirkiya, ɗaya sama biyu ƙasa. Ba da damtse ake ja ba, da baya ake ja, kamar mai son matse lemo tsakanin allunan kafaɗarsa. In an ja, yatsan tsakiya ya sauka a kusurwar leɓe, wuri ɗaya kullum, don daga nan ido yake auna komai. A nan matsalata take. Ni ban iya jan tsirkiya ba tare da na yi bayani ba. Ina ja ina ba shi labarin yadda kakana yake yi, leɓen yana yawo, yatsan yana bin sa, kibiyar tana zuwa inda Allah ya nufe ta.

"Ya Hagg, uskut! Ka yi shiru daƙiƙa uku kawai. Uku! Ina zan kafa maka yatsa, wurin yana gudu?"

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Kabtin. Wannan karon iska ce."

"Babu iska. Dubi hayaƙin shayina."

A mako na biyu ya kai ni shagonsa don a haɗa min kibau nawa. A nan na san cewa kibiya ba a miƙe take barin baka ba. Sai ta lanƙwashe ta kewaye itacen kamar kifi a ruwa, sannan ta miƙe a hanya. In ta yi tauri fiye da ƙarfin bakan, ba za ta lanƙwashe yadda ya kamata ba, sai ta kauce hagu. In ta yi laushi, ta kauce dama. Yana da wani katako mai turaku biyu, yakan ɗora sandar kibiya a kai ya rataya mata ƙarfe a tsakiya ya ga iya inda za ta rusuna. Ya gwada sanduna sun fi hamsin, na wani itace mai ƙamshi da ake kawo masa daga waje, ya ware min sha biyu da suka yi daidai da juna. Ya tsaga musu gindi a gicciyen jijiyar itacen, ya sa musu kai da ƙananan gashi, ya ce in tafi da su amma kada in taɓa tsawonsu. Ya ce sai hannuna ya zauna tukuna za mu harba su tsirara, babu gashi, mu ga inda suka nufa, sannan a rage kaɗan-kaɗan, faɗin farce faɗin farce.

Na kawo su gida na shimfiɗa a balakona, na yi ta kallonsu. Sai na tuna kwarin kakana. Kibanmu na kyauro gajeru ne, in ka ga na Kabtin kusa da su sai ka ce taɓare ne. Na ce a raina Baffa zai shafa waɗannan ya yi dariya, ya ce Habu ya zama Bature. Na sauka na aro zarto wajen bawwab, mai gadin gidanmu, na datse yatsu huɗu daga kowace, na mayar da kawunan da gam. Na gama sha ɗaya aka kira ni asibiti, ta sha biyun ta tsira. Washegari duk abin da na harba sai ya yi hagu, kamar ana rabon abinci a can. Kabtin ya ɗauki ɗaya, ya auna da tasa, ya zauna a kan dami ya dafe kai.

"Wa ya yi wannan?"

"Haka muke yi a gida, ya Kabtin. Gado ne."

"A gida da wannan bakan kuke harbi? Duk abin da ka rage wa tsawo ka ƙara masa tauri. Na ba ka kibau, ka mayar min da su ƙusoshi."

Sabbin sanduna sai bayan wata biyu za su iso, ni kuwa wata guda ya rage min. Ya sa musu kawuna masu nauyi, suka ɗan sassauta, amma ba su daina son hagu ba. Ni na gano mafita, kuma na yi alfahari da ita. Na lura cewa in gashin kibiya ya yi girma, yana kama iska ya miƙar da ita da ƙarfin tsiya. Na je wajen mai sayar da kaji a layinmu na kwashe fukafukan talo-talo, na sa Kabtin ya manna min su, kowane kamar tafin hannu. Ya yi, amma ransa bai so ba. Ya ce gashin nan ba abin da ya gyara, laifin hannuna da na itacen suna nan, rufe su kawai aka yi. Ni dai na ga kibau suna tafiya suna kuka kamar shirwa, suna sauka a dami daga taku goma sha biyar. Na dawo gida na gaya wa Ummanku jinin ya farka.

Baffa ya sauka ranar wata Talata. Ɗan tsamurmurin tsoho, ya haura tamanin, yana dogara wata sanda naɗe da tsohon zane. Sai da muka shiga falo ya zauna ya kwance zanen, na ga ashe bakan ne, an cire masa tsirkiya. Ya miƙo min. Ban taɓa gaya muku wannan ba: da na riƙe shi, inda hannu yake zama ya lotsa, ya yi santsi, kuma tafina ya shige wurin daidai. Warin hayaƙin ɗakin mahaifina ya taso min. Na nemi abin dariyar da zan faɗa na rasa. Likita ya ba mu kwana goma kafin aiki, sai Baffa ya ce:

"Me za mu jira? Gobe mu je ka yi harbin. Kai ka gaya min inda ta sauka. Ɗan Audu ba zai yi min ƙarya ba."

Kun ji fa. Ga baka a cinyata, ga tsoho ba ya gani, ga ni wanda ya fi kowa a Masar iya faɗin inda kibiya ta sauka. Na shiga kicin na tarar da Ummanku tana dama masa kunu.

"Kin ji abin da ya ce?"

"Na ji. Na kuma ji ka yi shiru, shi ya ba ni tsoro."

"Don yaran nan ne, Sa'adiya. A kira sunansu."

"To. Kowace shekara a kira su, kowace shekara ka san yadda aka yi. Ni dai ba zan goge wa bakan nan ƙura ba. Khalas, magana ta ƙare."

Na fita bayan la'asar na kama tafiya. Na bi gefen layin metro har Matariya, na sha ruwan rake, na dawo, na wuce ƙofar gidanmu ban shiga ba, na sake zagayawa. Bawwab ya tambaye ni ko wani abu na yar. Kafin magariba na hau na durƙusa gaban Baffa na ce masa a bari sai an buɗe idon, ya gani da kansa. Kada ku ɗauke ni waliyyi. Rabin dalilin tsoron Allah ne, rabi tsoron Ummanku, ɗaya rabin kuma na lissafa zan sami ƙarin mako uku na koyo.

Aiki ya yi kyau. Ranar da aka cire masa bandeji ya dube ni sama da ƙasa, abin da ya fara cewa shi ne ashe na yi tumbi. Da likita ya yarda ya fita, muka ɗauki tasi da safe zuwa filin Kabtin. Baffa ya zagaya dogon bakan nan yana tambaya ko azara ce aka sa wa igiya. Sannan ya zaro kibiya ɗaya daga bututuna, ya ɗaga ta sama, ya juya ta.

"Habu, harbi za ka yi ko tsuntsu za ka saki?"

Sai a lokacin abin ya faɗo min. Na tuna tsawon kiban kakana, na manta babban abu: kibanmu ba su da gashi. Ba su taɓa yi ba. Kyauro ne da ƙarfe, sai hannun mai harbi. Baffa ya karɓi wuƙa wajen Kabtin, ya zauna a kan dami, ya fige su tas, sha biyun, gashin talo-talona yana bin iska cikin gonar mutane. Yana figewa yana lanƙwasa kowace tsakanin manyan yatsunsa, yana kara ta a kumatu. Ya tara sha ɗaya gefe guda ya ce waɗannan sun yi wa bakan taurin kai. Ya ɗaga wadda zarto bai taɓa ba ya ce wannan ce kaɗai kibiya. Kabtin ya tambaye ni me tsohon ya ce. Na fassara. Ya tashi ya sumbaci Baffa a ka. Daga nan hira ta ɓarke tsakaninsu, kuma wa zai juya musu magana in ba ni ba? Kabtin ya yi bayanin zarto, ya yi na gashi, ya yi na leɓena, har yana kwaikwayo. Na ce wa Baffa yana cewa ina da ƙoƙari.

"Mutumin nan ya yi magana mai tsawon igiyar rijiya, ka ba ni taƙi ɗaya. Fassara min duka, haka ake biyanka."

Na fassara duka. A shekarun da na yi ina wannan sana'a na gaya wa mutane labarai masu nauyi a gaban likita, amma ban taɓa gumi irin na ranar ba.

Kibiya uku ake yi a al'adar gidanmu. Ta farko ta fita a karkace, gindinta na neman wuce kanta, ta mari damin da gefe ta faɗi. Ta biyu ina ja ina cewa Baffa ya lura rana tana idona, ta wuce hagu ta shige gindin wani dabino. Saura ɗaya, doguwar nan. Baffa ya miƙo min ita. Na gyara ƙafa. Na ja da baya, yatsa ya sauka a kusurwar leɓe, na rufe bakina. Na ji injin ban ruwa yana bugawa can nesa, na ji kurciya, na ji numfashina. Ban san haka duniya take ba in na yi shiru. Yatsuna suka buɗe da kansu. Kibiyar ta tafi a miƙe, tsirara, ba kuka ba rawa, ta cake a damin, can gefe, taƙi guda a wajen takardar.

"Aywa!" in ji Kabtin. "Ita ce! Ka ji ta?"

Na ji ta. Har yanzu ina jin ta a bayana. Na juya wajen Baffa, na tarar ya fara naɗe bakan kakanmu a zanensa, a hankali, yana ɗaure bakin da haƙori.

"Ta ukun harbi ce," ya ce. "Da ka fara ta shekara talatin da suka wuce, da mun yi magana. Isuhu zai riƙe."

To, kun ji. A damina ta gaba aka naɗa Isuhu, kuma ya cancanta, mutum ne da yake iya kwana uku a daji bai ce uffan ba. Ranar buɗe daji sunayen 'ya'yansa bakwai ake kira. An turo min a waya na saurara har ƙarshe, ko wani zai yi kuskure ya ce Hafsa. Ba wanda ya yi. Da na ce wa Baffa "ta sauka tsakiya" sau uku a wancan makon na farko, da yanzu ana kiranku. Wani lokaci a cikin metro nakan auna abin in ga kamar na cuce ku, wani lokaci in ga ban cuce ku ba, kafin in gama aunawa na wuce tashata. Ku yanke da kanku, kun girma.

A hanyar dawowa ranar, tasi ta maƙale a kan gada. Baffa yana gaba, bakan tsakanin gwiwoyinsa, yana kallon Nilu da sabon idonsa, yana kallon jiragen ruwa da dogayen gidaje. Tun daga fili bai ƙara cewa komai ba. Na daure, na daure, har na ji kamar zan fashe. Na leƙa ta tsakanin kujeru.

"Baffa, to ya idon? Aiki dai ya yi kyau ko? Komai tar kake gani?"

Bai juyo ba.

"Tar nake gani, Habu. Jibi in mun koma wajen likitan nan, ka tambayar min shi ko yana iya mayar min da yanar."